Wai ina robot ɗin da zai ƙwace duniya ne?

Aikin farko da aka ba robot a masana'anta ba wani aikin burgewa bane, ɗaukar ƙarfe mai zafi ne. A 1961 kamfanin motoci na General Motors ya girke wani inji mai suna Unimate a masana'antarsa dake New Jersey a Amurka, aikinsa kawai ya zura hannu inda ake zuba narkakken ƙarfe, ya ciro abin da aka zuba da zafinsa, ya ajiye, ya koma ya sake, haka dai har a tashi. Ba kai, ba ido, ba ƙafa, balle baki. Hannu ne guda ɗaya tal a kan wani ƙaton akwati, nauyinsa ya kusa tan 2. George Devol ne ya ƙirƙiro shi, tun 1954 ya nemi rajistar fasahar, shi kuma Joseph Engelberger shine mai bakin talla, ya dinga yawo da abin har ya kai shi Japan, inda kamfanin Kawasaki ya karɓi lasisin ƙera irinsa a ƙarshen shekarun 1960.

Shekara sama da 60 kenan, kuma har yau yawancin robot ɗin da ke aiki na gaske jikokin wannan hannun ne. Amma da an saki bidiyon wani mutum-mutumi yana rawa ko yana alkafura sai kaji ana ta "shikenan, sun kusa gamawa da mu", wasu har da jan salati. Ni kam abin dariya yake bani, ba don babu abin damuwa ba, akwai, sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba.

To wai ma menene robot ɗin? Su kansu injiniyoyin bakinsu bai gama zuwa ɗaya ba, amma galibi abu uku ake dubawa. Ya iya sanin abin da ke kewaye da shi, ta kyamara ne ko ta na'urar auna nisa ko ta jin an taɓa shi. Ya iya yanke abin da zai yi da abin da ya gano ɗin. Sannan ya motsa wani abu a zahiri, ya ɗauka ko ya tura ko ya taka. Wannan na ukun shi ya cire manhajojin hira da ake ta yayi yanzu daga lissafi, zasu rubuta maka wasiƙa tsaf amma ko allura basa iya ɗagawa. Fanka tana motsi, bata san kana ɗakin ba. Motar wasan yara mai rimot kuwa kai ne ƙwaƙwalwarta. Sai kuma wani sharaɗi da masu masana'anta suka fi damuwa da shi, wato a iya canza masa aiki ba tare da an sake ƙera shi ba, yau walda gobe fenti, umarnin kawai za a canza da abin da ke maƙale a bakin hannun.

Wannan sharaɗin ne ya raba shi da abubuwan mamaki na mutanen da. Al-Jazari, injiniyan da ya yi aiki a fadar sarakunan Diyarbakir, a Turkiyya ta yanzu, ya kammala littafinsa na na'urori a 1206, kuma a ciki akwai agogon giwa, wanda ni har gobe yana burge ni. A cikin cikin giwar akwai tankin ruwa, a kan ruwan akwai wata tasa mai ɗan ƙaramin rami a gindi, ruwa na shiga a hankali a hankali, rabin awa na cika sai ta nutse, ta ja igiya, igiyar ta saki wani ƙwallo daga sama, ƙwallon ya faɗa bakin maciji, nauyin ya sa macijin ya sunkuyo ya jawo tasar sama, mai tuƙa giwar ya buga, a sake sabon lale. Basira iya basira. Amma ko shekara dubu zai yi abin da zai yi kenan, ba zaka iya koya masa wani abu daban ba.

Kuma ko a yau akwai na kan iyaka da yawa. Na'urar tiyata ta da Vinci da aka amince da ita a Amurka a shekarar 2000 kowa robot yake ce mata, alhali likita ne zaune a gefe ya cusa fuska cikin allo yana juya hannayen, ita dai tana rage rawar hannu ne tana shiga lungun da yatsa ba zai shiga ba. Haka masu hawan raƙuman tsere a Qatar da Daular Larabawa, da aka hana ɗora ƙananan yara sai aka koma ɗaura wata 'yar na'ura mai bulala a bayan raƙumin, mai shi yana bi a mota yana danna rimot. Ni bana jayayya da kowa a kan suna, a kira su duk abin da aka ga dama, abin da nake tambaya kullum shine wa ke yanke hukuncin, injin ko mutumin da ke bayansa.

Yanzu mu leƙa inda suka fi yawa, ɓangaren walda a masana'antar mota. Gangar jikin mota zata iso a kan layi, ba ƙofa ba fenti, wasu ƙarafa su damƙe ta gam a daidai wurin da aka auna. Hannaye su taso ta ko'ina, yawanci kowanne gaɓa 6 gare shi, su dinga ɗosa walda tsit tsit tsit, wuta na tartsatsi, mota ɗaya akwai irin wannan ɗigon walda dubbai a jikinta. Su gama su ja baya, wata ta iso. Abin da ya sa ake sonsu shine hannun zai iya komawa wuri guda sau dubu nawa ba tare da ya kauce ko da milimita ɗaya ba, ba gajiya, ba ciwon baya, hayaƙin walda da warin fenti basa masa komai. To amma wa ya nuna masa wurin? Wani ma'aikaci ne ya tsaya da wata na'ura a hannu mai kama da babban rimot, ya tuƙa hannun sannu a hankali zuwa wurin farko ya danna a adana, ya kai shi na biyu ya danna, har ya gama. Da yawa daga cikinsu basa ganin komai, in ƙarfen ya goce daga inda aka saba ajiye shi to iska zai yi wa walda, kuma da zuciya ɗaya zai yi. Shi yasa ake kewaye su da keji, a sa ƙofar da in an buɗe komai ya tsaya cak.

Wannan ne abin da ba a cika faɗa ba. Ba robot ne ya yi wayon da zai iya zama a duniyarmu ba, mu ne muka gyara masa wani ɗan yanki na duniya yadda komai zai zo masa iri ɗaya, a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya. Dubi Amazon, a 2012 suka sayi kamfanin Kiva kan dala miliyan 775, yanzu a rumbunansu wasu gajerun robot ne ke shiga ƙarƙashin kanta su ɗago ta ɗungurungum su kai wa ma'aikaci. Daɓen a shimfiɗe yake sumul, an liƙa masa alamomi da suke karantawa su san inda suke, an kuma killace wurin. Amma in aka zo zura hannu cikin kantar a zaro abu ɗaya daga cikin tarkace, yau kwalba gobe rigar da ke cikin leda, mafi yawa har yanzu hannun ɗan Adam ne.

Alƙaluman ƙungiyar masu harkar robot ta duniya sun nuna a 2023 akwai sama da miliyan 4 da ke aiki a masana'antu, kuma a wannan shekarar kaɗai an girke sabbi sama da dubu 500, ɗan sama da rabi a Chaina. Koriya ta Kudu ce kan gaba in ana maganar yawansu idan aka kwatanta da ma'aikata, sama da 1,000 ga duk ma'aikata 10,000 na masana'antu. Mota da kayan lantarki su suka kwashe kaso mafi tsoka, kuma ba mamaki, abubuwa ne masu tauri da ake yin miliyoyinsu iri ɗaya.

Da an zo kan abu mai laushi kuwa sai ido ya raina fata. A masana'antar motar nan da hannaye ke ta walda, ka bi layin zuwa ƙarshe inda ake jan wayoyi ana cusa su a lunguna, ana sa robar bakin ƙofa, sai kaga mutane ne cike. Elon Musk ya so ya kauce wa wannan lokacin ƙera motar kamfaninsa na Tesla mai suna Model 3, ya cika wuri da injina, aiki ya yi ta cijewa, a 2018 da kansa ya fito ya ce ya wuce gona da iri, an raina ɗan Adam. Adidas sun buɗe masana'antar takalma mai injina a Jamus da Amurka, a 2019 suka sanar zasu rufe su. Rigar da ke jikinka yanzu haka, kusan tabbas mutum ne ya zauna gaban keke ya ɗinka ta, saboda yadi baya tsayawa inda ka ajiye shi, yana lanƙwashewa yana miƙewa yana zamewa. A 2010 masu bincike a jami'ar Berkeley sun samu wani robot ya ninke tawul, aka yi ta murna, kuma sun cancanci murnar, amma tawul ɗaya sai ya ci masa wajen minti 20 ko fiye, yana ɗagawa yana juyawa yana neman inda kusurwa take.

Masanin robot Hans Moravec ya yi maganar nan tun shekarun 1980, cewa abin da muke ganin wahalarsa, lissafi da wasan dara na Turawa da makamantansu, shine mai sauƙi a wurin kwamfuta, abin da yaro ɗan shekara 2 ke yi ba tare da tunani ba kuma shine bala'i. Lokacin da kwamfutar Deep Blue ta doke zakaran dara na duniya Garry Kasparov a 1997 ai mutum ne ke zaune a gaban allon yana matsa mata 'ya'yan wasan. Ka ɗan gwada, zura hannu a aljihu ka zaro makulli daga cikin tsabar kuɗi da takardu ba tare da ka duba ba. Yatsunka sun ji sanyin ƙarfen, sun ji haƙoransa, sun san iya matsin da ya kamata, duk a cikin daƙiƙa biyu kana ma hira da wani. Wannan ɗan abin da ka raina shi ake ta kashe wa biliyoyin daloli.

To daga ina tsoron ya fito? Labarin ne ya riga injin zuwa, da shekara 40 cif. Karel Čapek, marubuci ɗan ƙasar Cek, ya fitar da wasan kwaikwayonsa R.U.R. a 1920, aka fara nuna shi a 1921, daga nan sunan robot ya bazu a duniya. Kuma nasa ba na ƙarfe bane ma, da wani abu mai kama da tsoka ake haɗa su a masana'anta, kamar mutane sak, a sayar da su su yi bauta, daga ƙarshe suka yi tawaye suka karkashe mutane saura ɗaya. Duk wanda ya duba lokacin, bayan yaƙin duniya na farko, ga juyin juya halin Rasha ga yajin aikin ma'aikata ko'ina a Turai, ya san ba inji ne ke ran marubucin ba, mutanen da ake mora kamar inji ne. Tun daga nan kusan duk labarin robot haka yake, namu ne aka sa masa rigar ƙarfe. Wani bawa ne da ya gaji, wani ɗa ne da ya fi ƙarfin ubansa. Robot ɗin fim ɗin Terminator na 1984 maharbi ne da baya jin roƙo. Japanawa su kuma tun 1952 suke da labarin zane na Astro Boy na Osamu Tezuka, robot mai siffar yaro, mai kirki, da ke ceton mutane. Chitti, robot ɗin fim ɗin Indiya na Rajinikanth na 2010, lafiya lau yake har sai da aka sa masa zuciya, ya kamu da son budurwar ubangidansa, kaga ai wannan kishi ne irin namu ba matsalar waya ko batir ba.

Marubucin ƙagaggun labaran kimiyya Isaac Asimov ya gaji da labaran tawayen, a 1942 ya kawo dokokinsa guda 3, kar robot ya cutar da mutum, ya bi umarnin mutum in dai bai saɓa wa ta farko ba, ya kare kansa in dai bai saɓa wa biyun ba. Har yau zakaji mutane na kawo su kamar wata doka ce da ke cikin injinan gaske. Babu su. Shi kansa yawancin labaransa a kan yadda dokokin ke rikicewa ne. Kuma kafin inji ya bi dokar farko sai ya san menene mutum, menene cutarwa, wanda kuwa hannun walda bai san ko ɗaya ba. A watan Janairun 1979 a wata masana'antar Ford dake Michigan, wani matashin ma'aikaci ya hau cikin kantocin ajiya don ɗauko kaya da kansa, injin ɗaukar kayan mai nauyin tan 1 ya zo ya buge shi a ka ya mutu, shine mutum na farko da aka rubuta robot ya kashe. Injin bai tsane shi ba, bai yi fushi ba, bai ma san da shi ba, aikin da aka sa shi yake yi. Fim ya koya mana tsoron ranar da zai ƙi bin umarni, alhali waɗanda suka rasa rai ko hannu a gabansa biyayyarsa ce ta ci su.

Wani abin kuma, mu ne ke da saurin ba abu rai. Sony sun daina gyaran robot ɗinsu mai siffar kare Aibo a 2014, sai ga wani wurin ibadar mabiya Buddha a Japan yana yi wa waɗanda suka lalace jana'iza, masu su na aiko su har da wasiƙar bankwana. Motar binciken Opportunity da ta sauka duniyar Mars a 2004, kwana 90 aka tsara mata, ta yi aiki har 2018 da guguwar ƙura ta rufe ta, mutane suka yi ta jimami kamar an yi rashi. Ita kam na yarda a yi mata, irin wannan aikin shine inda robot ya fi dacewa, wurin da mutum ba zai je ba, kuma saƙo kan ɗauki mintuna kafin ya isa, dole a wasu lokutan ta duba gabanta ta kauce wa dutse da kanta. Wadda ban yarda da ita ba ita ce Sophia da Saudiyya ta ba takardar zama 'yar ƙasa a 2017, fuska ce mai motsi da baki, talla ce kawai aka yi.

Maganar aiki kuwa ba wasa bace, kuma bana son masu cewa kar kowa ya damu wasu ayyukan zasu fito. Masana tattalin arziki Daron Acemoglu da Pascual Restrepo sun bi diddigin yankunan Amurka daga 1990 zuwa 2007, suka ga inda robot ya ƙaru aikin yi ya ragu, albashi ma ya ɗan sauka. E, wasu ayyukan na fitowa, masu gyara da masu shirya injin, amma ba lallai a garin da aka rasa na farkon ba, kuma ba lallai ga mutumin da ya shekara 25 yana walda ba. A gefe guda ƙasashe irin Japan da Koriya ta Kudu tsufa ne ke cin su, haihuwa ta ragu, masu aikin ne ma babu. Inji ɗaya ne, a nan ya zama taimako a can ya zama kora, ya danganta da wa ya mallake shi da yadda aka raba ribar. Wanda kuma bai rasa aikin ba sau da yawa sai ya tarar injin ne ke yanka masa gudu, kanta na isowa wata na biye. In ka zagi ƙarfen an bar jaki ana dukan taiki kenan, wani ne a ofis ya zauna ya sa lambar.

Yanzu yayin masu ƙafa biyu ake, kuma hujjarsu ba shirme bace. Matakala, hannun ƙofa, tsayin teburi, duk don jikin mutum aka yi su, to maimakon a rushe a sake gini sai a ƙera inji mai siffar mai gidan. Bayan haɗarin nukiliya na Fukushima a Japan a 2011 hukumar binciken fasaha ta sojin Amurka, DARPA, ta shirya gasa, aka yi ta ƙarshe a 2015 a Kalifoniya, a tuƙa mota, a buɗe ƙofa, a murɗa famfo, a huda bango, a hau matakala. Abin da aka fi tunawa da shi shine yadda suka dinga kifewa, wani a bakin ƙofa wani wajen fitowa daga mota. Wanda ya ci, na jami'ar KAIST ta Koriya ta Kudu, minti 44 ya yi, kuma dabararsa tayoyi aka sa masa a gwiwa, sai ya durƙusa ya gangara maimakon ya taka. An ci gaba sosai daga lokacin, wannan ba musu, na yanzu suna gudu suna tashi in sun faɗi. Amma in na ga bidiyo abin da nake fara dubawa shine ko an ƙara masa sauri, sau nawa aka yanke hoton, kuma ina mutumin da ke riƙe da rimot. Wannan dabarar tsohuwa ce, tun 1770 Wolfgang von Kempelen ya fito da injin da wai yana buga dara da kansa, ya shekara da shekaru yana cinye manyan Turai, ashe gwani ne a naɗe a cikin akwatin. Yau ma da yawa daga cikin masu ƙafa biyun ta haka ake koya musu aiki, mutum ya sa gilashi a ido da na'ura a hannu ya yi ta maimaita ninke riga ɗaruruwan sau injin na kwaikwaya.

Akwai kuma matsalar jan maɓalli. Duk injin masana'anta yana da shi, babba ja, in abu ya ɓaci ka doke shi da tafin hannu, birki ya kama gaɓoɓin, hannun ya sandare a inda yake. Mai ƙafa biyu kuwa tsayuwarsa ma aiki ce, ƙananan injinan da ke motsa ƙafarsa na ta gyara shi a kowane lokaci don kar ya faɗi, in ka yanke masa wuta zubewa zai yi, kilo 60 ko 70 na ƙarfe da batir, a kan duk wanda ke kusa, yaro ne ko tsoho. Masu tsara ƙa'idojin kariya suna kan wannan aikin, shi yasa ma 'yan kaɗan ɗin da aka fara gwadawa a rumbunan kaya yawanci a killace suke aiki, su ma an yi musu nasu kejin.